Boris Ɗin Aro da Tumatirin Malam Sale

Ni mutumin arewacin Damagaram ne, can inda rijiya take da zurfin da sai an ɗaura wa raƙumi igiya ya yi tafiya har ya kusa ɓace maka kafin guga ya leƙo. Sunana Isuhu. Shekarar da gero ya ƙi mana na tsallako Najeriya ci-rani, na bar matata Hadiza da 'yarmu ɗaya. Ba ni da wata sana'a sai tuƙin da na koya a manyan motocin hanyar Agadas. Lokacin wayar hannu ba ta shiga ƙauyuka sosai ba, in ka bar gida ka bari ke nan, sai saƙon baka.

Zangona na farko Kano, kuma a nan aka fara yi min wanka ba ruwa. A tasha wani mai jar hula ya tarbe ni da fara'a, har da tambayar mutanen gida. Na ce Kura za ni, na ji ana neman ma'aikata a lambu. Ya karɓi kuɗin motata, ya karɓi jakata ya ce zai ɗaura a sama, ya tura ni cikin wata bas. A wajen Kumbotso direba ya ce iyakarsa ke nan, kuma shi ba wanda ya ba shi ko sisi domina. Na leƙa saman mota, wayam. A jakar akwai bargona da rigata ta Juma'a da cukwin da Hadiza ta ƙulle min a tsumma. Wallahi cukwin ya fi ƙona min rai. Na zauna bakin hanya na zage mutumin nan tas, shi da hularsa, har wani mai shayi ya gaji da ji ya miƙo min kofi da guntun burodi, ya ce in sha in bar wa Allah. Shi ya roƙar min wani direban motar taki ya ɗora ni a kan buhuna.

A kan buhunan nan nake, mun wuce Kura mun miƙi wajen Bunkure, sai na ga ƙasa ta zama koriya. Tsakiyar rani ne fa, lokacin da a garinmu ko akuya ta daina neman ganye a ƙasa. Alkama, albasa, tumatir, masara, iya ganina. Na murje ido na sake dubawa. Can sai ga dalilin abin: ruwa a cikin wata doguwar hanya ta siminti, ya fi faɗin ɗakina, yana tafiya abinsa ba mai ja, ba mai gadi, ba layin mata da tulu. Na buga wa direba bodi na ce ya sauke ni a nan.

Na gangara bakin ruwan na durƙusa. Na yi bisimilla na sa hannu, sanyinsa ya hau min har kafaɗa. Wani dattijo yana zaune a gefe da sanda, ƙafarsa ɗaya a miƙe, yana kallona. Na gaishe shi na ce, "Baba, wannan ruwan na wane ne?"

Ya ce, "Na wa kuwa? Ruwa ne. Kanal ake ce masa."

"Da wane lokaci yake ƙarewa?"

Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ni kuwa hawaye ne ya zubo min, don na tuna Hadiza tana yi wa 'yarmu wanka da moɗa ɗaya a cikin kwano, ta tare ruwan ta ba tunkiya. Ban ji kunyar kukan ba sai daga baya.

Dattijon nan shi ne Malam Sale. Ya tambaye ni daga ina, na ba shi labari har da na mai jar hula. Ya ce in ɗauko masa sandarsa mu je gida. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Iya, ta zubo min tuwon shinkafa da miyar da tumatir ya yi mata yawa har ina jin kamar almubazzaranci ne. Aka ba ni tabarma a zaure da wata tsohuwar riga.

Malam Sale yana da tsohuwar a-kori-kura, da wata 'yar tirela mai taya biyu da maƙerin Kura ya haɗa masa, ana maƙala ta a ƙugiya a bayan motar. Tun da ciwo ya sandare masa ƙafar hagu ya daina tuƙi, motar tana zaune ƙarƙashin darbejiya kaji na kwana a ciki. Da ya ji na iya mota ya ce in tayar da ita ya gani. Ƙaninsa Tanko yana wurin, bai ko rage murya ba ya ce, "Yaya, mutumin da ka tsinta a bakin kanal za ka ba makulli? Gobe ka ji motarka a Damagaram."

Malam Sale ya ce, "In ta je can ma ai ta ga duniya." Ya miƙo min makullin.

Maganar Tanko ta tsaya min a rai. Na rantse a raina sai na riƙe motar nan riƙon da ba a taɓa yi mata ba. Ina kai taki gona, ina kwaso albasa, ina kai matan gida asibiti in ta kama. Kowace yamma kuma, in na dawo daga hanya, sai in bi ta wata mashaya inda rarar ruwan kanal take tsallake hanya, shanu na sha a wurin. Sai in tura motar da tirelar ciki har ruwa ya rufe rabin tayoyin, in tuɓe riga in wanke su ciki da waje da soso. A hanyar Agadas mota tana shekara ba ta ga ruwan wanka ba, sai dai a kaɗe ta da tsumma, don haka a wurina wanke mota kullum shi ne iyakar gata. Kuma in faɗi gaskiya, ni ma ruwan nake so. In na gama sai in zauna a ciki har wuya kamar kwaɗo, yara masu kiwo suna ta dariyar Badamagare. Wani lokaci ina hango Malam Sale a kan gaɓa da sandarsa, in ɗaga masa hannu, ya ɗago min.

Haka muka yi wata biyu har zafi ya shigo. Malam Sale ya yi wata dabara a shekarar: ya dasa tumatirinsa a makare da gangan, don ya nuna lokacin da na kowa ya ƙare. Dabarar ta ci. Gonakin maƙwabta sun bushe, tasa ta yi jajir, kuma a kanta gidan gaba ɗaya ya dogara, don alkamarsa ba ta yi kyau ba. Dillalinsa na kasuwar tumatir ta bakin titin Zariya, wajen Kadawa, ya aiko cewa akwai motar Ikko da za ta yi lodi ranar Talata, tana tashi da la'asar, kuma ita ce ta ƙarshe a makon. Tumatirin zafi ba ya jiran mako. Aka kwana biyu ana tsinka, aka cika kwando arba'in, sha shida a mota, sauran a tirela, an jera an ɗaure.

Ranar ce kuma ake sakar wa layin gonarsu ruwa, dole Malam Sale da Tanko su tsaya. Da hantsi Malam Sale ya dafa ƙofar motar ya ce, "Isuhu, ga shekarata nan a bayanka. Ka bi a hankali, akwai lokaci."

Na bi hanyar da ke gefen babban kanal, ruwa a damana, gonaki a haguna. Na yi kamar rabin tafiya sai na fara jin wani gurnani daga baya. Na ce ko ƙugiya ce, na ci gaba. Gurnanin ya koma kuka siriri mai shiga haƙori. Na duba madubi, sai na ga tayar tirela ta hagu tana rawa, hayaƙi na fita daga cibiyarta. Kafin in gama taka birki ta kwanta gefe, tirelar ta karkace, kwanduna suka jingina da juna, igiya ce kawai ta hana su zubewa.

Na fito na duba. Cibiyar tayar ta yi zafin da ba a taɓawa, tana warin ƙonannen ƙarfe. Na san boris ne, wato zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya a ciki wanda taya ke juyawa a kansa. Ba ni da wani, gari ba kusa ba, rana ta take tsaka. Na ɗauki bokiti na ruga kanal na ciko, zan sheƙa wa wurin.

"Direba, ajiye ruwan nan."

Na waiga. Wani Bafillace ne dogo, da malafa, yana jan amalanken shanu cike da karan alkama. Ya tsayar da bijimansa ya ƙaraso ba gaggawa. Ya ce in na zuba ruwa a ƙarfe mai zafi haka, sandar da tayar ke zaune a kai za ta iya tsagewa, daga nan sai dai maƙeri. Ya ce sunansa Buba, rugarsu ga ta can bayan mangwarori. Ya tambayi kayan wane ne, na ce na Malam Sale mai ciwon ƙafa. Ya ce ya san shi, shanunsa sun sha cin ragowar gonarsa.

Na sa jak, jak ya nutse a ƙasa don wurin da danshi. Malam Buba ya juya wajen gonaki ya ɗaga sandarsa ya yi wani kira. Ban san me ya gaya musu ba. Sai ga mutane suna fitowa daga cikin alkama da albasa, maza da lauje a hannu, mata da zani ɗaure a ƙugu, sun fi ashirin. Ba wanda ya tambayi sunana. Suka yi layi tun daga tirela har gindin mangwaro, kwando na bin hannu yana wucewa, ko tumatir ɗaya bai faɗi ba. Matan suka yanko ciyawa daga bakin kanal suka jiƙa suka lulluɓe kwandunan, har da na cikin mota. Wata ta tafi ruga ta dawo da turmi a ka. Maza takwas suka kama gefen tirelar, wani ya ba da murya, suka ɗaga ta sama, aka tura turmin ƙarƙashinta. Ina tsaye da sifana a hannu ban tsinana komai ba, ina ta kallo. Na yi shekaru a hanyar hamada inda in motarka ta mutu sai ka kwana uku kafin ka ga ɗan Adam, ban taɓa sanin mutane na iya fitowa daga gona haka don kayan wani ba.

Da ƙarfen ya huce muka kwance noti muka zare tayar. Abin da ya zubo daga cibiyar ba giris ba ne. Wani jan ruwa ne mai tsatsa, da 'ya'yan boris a farfashe kamar tsakin masara. Malam Buba ya lakato da yatsa ya shinshina, ya dube ni.

"Kana shiga ruwa da ita?"

Na ce, "Kullum nake wanke ta, Baffa. A mashaya."

"Da zafinta, daga dawowa hanya?"

Na ce e.

Ya girgiza kai. Ya ce ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi zuƙar ruwan yake yi ciki, ruwa ya kore giris, tsatsa ta zauna. Ya ce ko yaronsu na kiwo ya san ba a tsallaka mashaya da amalanke sai an bi ta inda ruwa bai kai cibiya ba. Bai faɗa da faɗa ba, kamar mai ba da labarin kasuwa. Ni kuwa sai na zauna a ƙasa. Garin gyaran gira na tsone ido. Wata biyu ina kashe tirelar mutumin da ya tsince ni, ina ganin gata nake yi mata.

Wani ya ce a hau keke a je Kura a sayo boris. Aka lissafa zuwa da dawowa, aka ga la'asar za ta wuce. Malam Buba ya tsuguna ya ƙura wa sandar tayar ido, ya gwada ta da tafin hannu, sannan ya tashi ya je ya gwada ta amalankensa. Ya ce duk daga gawar mota iri ɗaya maƙera ke ciro su. Ya kwance bijimansa ya ɗaure a inuwa, ya ce a kawo wani turmin.

Na ce, "Baffa, kai fa? Kayanka?"

Ya ce, "Kara ba ya ruɓewa."

Aka ɗaga amalanken, aka zare tayarsa, ya ciro boris ɗinsa da hannunsa, ya kwashe giris ɗin da ke ciki kaf ya tara a ganyen mangwaro. A nan aikin ya tsaya mana. Zoben ciki na tsohon boris ɗin ya narke ya manne da sandar tirela, ya ƙi fita. Muka samo guntun ƙarfe da guduma muna sara a hankali, don in aka ji wa sandar ciwo an gama. Ni da shi muna karɓa-karɓa, gumi na shiga ido. Aka yi azahar, muka yi salla a bakin kanal muka dawo. Ina sara ina kallon inuwar mangwaro tana tsawo. Sai da hannuna ya fashe sannan zoben ya tsage ya faɗo. Malam Buba ya goge sandar da yashi da tsumma, ya cusa giris a boris ɗinsa da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya zura, muka mai da taya. Ya juya ta da hannu ya kara kunne, ta juya shiru.

Mutanen nan ba su koma gona ba, ashe jira suke. Suka sauke tirelar daga turmi, suka sake yin layi, kwanduna suka koma mazauninsu. Na rasa bakin godiya, na ce Allah Ya saka, wata tsohuwa ta ce in bar surutu in tafi. Malam Buba ya ce kada in yi gudu, in dinga tsayawa ina taɓa cibiyar. Na bar shi zaune a gindin amalankensa mai ƙafa ɗaya, ya ciro goro yana ɓarawa.

Ina hanya na ji kiran la'asar daga wani ƙauye. Na so in taka mota, na tuna boris ɗin ba nawa ba ne, na daure. Sau uku ina tsayawa ina taɓawa, sanyi ƙalau. Da na hau titin Zariya na hango kasuwar, sai ga wata babbar mota tana fitowa, kwanduna har sama an rufe da tamfol, ta karya kwana ta yi kudu. Na bi ta da ido har ta shige. Dillalin ya zo ya ɗaga ciyawa ya danna tumatir ɗaya da yatsa, ya ce sun jira ni har direban ya fara zagi. Ya ce kayan sun sha rana, ba za su kai wani makon ba, kuma 'yan sayen gida sun watse. Shawararsa ɗaya, a mayar gida a yanka a shanya a yi kauɗa, ko ba komai a tsira da wani abu.

A hanyar dawowa na tsaya wajen mangwarorin. Malam Buba na nan inda na bar shi. Ya ga kwandunan bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Allah bai yi ba." Na ce a ciro masa boris ɗinsa, ya ce in kai kayan gida tukuna, ba a barin tumatir a hanya, gobe na kawo masa. Amalankensa ya kwana a wurin a kan turmi.

Na isa gida rana na shirin faɗuwa. Malam Sale na zaune a ƙofa. Ya dubi motar, ya dubi tirelar. Tanko ya fara, "Ai na faɗa," Malam Sale ya ɗaga masa hannu, Tanko ya haɗiye sauran. Iya ta fito ta ga abin da ake ciki, ta koma ta kwaso wuƙaƙe da tabarmi, ta aika a kira maƙwabta.

Washegari da safe, bayan na sayo sabon boris a Kura na mayar wa Malam Buba nasa, na dawo na tarar filin bayan gida ya yi ja da yankakken tumatir. Kauɗa ba ta kawo ko kusa da abin da ɗanye zai kawo, kowa a wurin ya sani, ba mai faɗa. Malam Sale na kan tabarma da kwando a gabansa yana yanka. Na zauna kusa da shi na ɗauki wuƙa. Na kwana ina shirya maganar, da na buɗe baki duk ta watse.

Na ce, "Baba, ba tsautsayi ba ne. Ni na jawo. Wankin da nake yi mata a mashaya ne ya cinye boris ɗin. In ka ce in tafi, ba ka zalunce ni ba."

Bai ɗago ba. Ya raba tumatir biyu ya ajiye, ya ɗauki wani.

Ya ce, "Na sani. Shekara ashirin ina tuƙi, Isuhu, ka ɗauka ban san abin da ruwa ke yi wa boris ba? Tun ranar farko da na gan ka a mashaya na ce zan hana ka. Na zo har gaɓa. Sai na tarar da kai zaune cikin ruwa har wuya kana dariya kai kaɗai, ƙato da kai. Na ce bari sai gobe. Kullum in na zo sai in ce bari sai gobe." Ya share wuƙar a gwiwarsa. "Tumatir kowace shekara ana yi. Ni tun da aka kawo ruwan nan na daina ganinsa, sai da ka zo."

Na sunkuyar da kai, na kasa ganin abin da nake yankawa. Ya turo min kwandon da ƙafarsa mai lafiya, ya ce in dinga yi da kauri kaɗan, siraran rana cinye su take yi.